Turmin Dutsen Leocadia

Daren Asabar a Pilsen, hawa na uku.
Jirgin ƙasa na wucewa, tagar kicin na rawar ɗari.
Kwana tara da binne Mama.
Mun gama rabon kaya, ni da Nicanor:
ya ɗau rediyo da keken ɗinki, na ɗau barguna.
Saura turmin dutse a tsakiyar tebur,
baƙi, mai ƙafa uku,
an rasa mai miƙa hannu.

Fiya huɗu na tarar a kwando.
Na latsa kowacce da babban yatsa, kusa da hanci,
yadda take yi a kasuwa har mai shago ya harare ta.
Uku sun nuna. Ɗaya ta yi gardama,
na mayar da ita gefen ayaba ta ƙara kwana.

Gishiri ne farko, ba fiya ba.
Gishiri, albasa, ɗanyen barkono biyu,
a niƙa har dutse ya yi gumi,
har hanci ya fara tsiyaya.
Turmin nan ya baro Uruapan naɗe cikin zanin gado,
ya tsallake iyaka a cinyar mace mai cikin wata bakwai.
Cikin nan ni ce.
Tafarnuwar shekara arba'in na kwance a ramukansa,
sabulu bai taɓa leƙa su ba.

Nicanor na bakin taga da almakashi,
yana yi wa shukar rozmari aski.
Tun da aka kwantar da Mama babu mai ba ta ruwa,
ga ta nan dai, ta ƙi mutuwa.
Ya murza reshe a tafi, ya shinshina,
ya juya mini baya.
Na ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada in ji.

Zuma cokali ɗaya, ruwan zafi kaɗan ta saki jiki,
ɗanyar citta, rabin lemun tsami,
na'ana'a kuwa marinta ya yi tsakanin tafukansa,
wai in aka daka ta ɗaci take yi.
Sai wiskin da Baba ya bari bayan gwangwanayen wake,
wanda Mama ta shekara shida tana cewa gobe za ta zubar.
Ya girgiza da ƙanƙara a tsohuwar kwalbar zaitun,
ya ƙyasta ashana, ya babbake kan reshen.
Kicin ya ɗau ƙamshin daji bayan gobara.

"Sa tumatir," in ji shi.
Na ce Mama ba ta sawa.
"Tana sawa."
"Sai ran da fiya ta yi tsada, don ta yi auki."
Ya yi shiru yana lissafi,
can ya ce, "Ashe kullum fiya tsada take a gidan nan."
Dariya ta kuɓuce mana, irin mai fitowa da majina,
ta farko tun Litinin ɗin da asibiti suka kira.

Ban murje ta lilis ba.
Gwakamole na son gudaji, abin da haƙori zai gaisa da shi.
Na matsa lemu, na dasa ƙwallon a tsakiya,
wai yana hana ta yin baƙi.
Nicanor ya sha gaya wa Mama camfi ne.
Yau ya gani, ya haɗiye.

Kofi uku ya zuba.
Kuskure ne ko ganganci, ban tambaya ba.
Na kurɓa: zafi, sai zaƙi, sai ganye,
sai wani abu can ƙasan maƙogwaro
da ba ya cikin haɗin.

A tsaye muka ci, daga cikin turmin,
soyayyar tortiya na karyewa a yatsunmu.
Ya ce, "Nauyinsa ya fi ƙarfin jakata, jirgi zai caje ni."
Na ce, "Kicin ɗina babu wuri."
Dukanmu ƙarya muke yi,
kowa na tura wa ɗan'uwansa abin da ransa ke so.

Ƙanƙarar kofi na uku ta narke,
reshen rozmari ya jingina da gilashi.
Ya ɗauko fiyar nan mai gardama, ya latsa ta kusa da hanci.
"Wannan sai jibi," na ce.
Ya juya ta a hannu, ya sake juyawa,
ya ce bari ya ga ko za a ɗaga masa tikiti.